Tsakanin setxkbmap da gsettings: wanne za ka riƙa don haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne daga cikin waɗannan umarnai biyu na saita kibod za ka riƙa don rubuta Hausa a Linux. Tunda ka ce Ubuntu ce a kan kwamfutarka kuma ba ka canja mata fuskar GNOME da ta zo da ita ba, ka ɗauki gsettings, ka ajiye setxkbmap da aka ba ka shawara a kai.

Kafin komai ka buɗe Terminal ka rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE, domin amsar da za ta fito ita ce za ta raba gardama. Idan ka ga wayland, wato sabon tsarin da ke sarrafa allo da kibod, to setxkbmap ba zai yi maka aikin da kake so ba, saboda an gina shi ne don tsohon tsarin X11, wanda yake aiki tun 1987. Fedora, wadda wani nau'in Linux ce kamar Ubuntu, ta koma Wayland tun fitowarta ta 25 a shekarar 2016, Ubuntu kuma ta mayar da shi zaɓinta na farko daga 21.04, don haka yawancin bayanan da ake kwafowa daga tsofaffin shafukan intanet an rubuta su ne don wani zamani da kwamfutarka ta riga ta wuce.

Ga umarnin da nake amfani da shi:

gsettings set org.gnome.desktop.input-sources sources "[('xkb', 'us'), ('xkb', 'ng+hausa')]"

Wannan layi yana shaida wa GNOME cewa kana son tsarin kibod biyu, na Amurka a gaba, na Hausar Nijeriya a baya, kuma da zarar ka danna Enter za ka ga alamar harshe ta bayyana a saman allo ta hannun dama. Kana sauyawa daga wannan zuwa wancan ta hanyar riƙe maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows tare da danna dogon maɓallin tazara. Abu biyu ne nake roƙon ka kiyaye. Kada ka sa sudo, kalmar da ke gudanar da umarni da ikon mai kula da kwamfuta, a gabansa, domin saitin na mai amfani ne shi kaɗai, kuma idan ka sa sudo ba asusunka zai shafa ba. Sannan umarnin yana share jerin da yake akwai ya maye gurbinsa da sabo, don haka idan kana da Larabci a ciki, ka fara duba abin da ke nan da gsettings get org.gnome.desktop.input-sources sources, ka haɗa ('xkb', 'ara') cikin sabon jerin.

Dalilin da ya sa nake yabon wannan hanya shi ne abin da na gani a kan wata tsohuwar ThinkPad da na saya hannu na biyu. Na yi mata wannan saiti tana kan Ubuntu 20.04, lokacin da take tafiya a kan X11, daga baya na ɗaga ta zuwa 22.04 ta koma Wayland, amma haruffan ƙugiya suna nan inda na bar su, ban sake taɓa komai ba. A kanta ƙanwata ta buga kundin kammala digirinta a fannin Hausa, tana ajiye hannun hagu kusa da maɓallan sauyawa, ta shiga Hausa idan tana kawo baitin waƙa, ta koma Turanci idan ta zo jerin manazarta, kuma malamin da ya duba aikin bai mayar mata da shafi ko ɗaya a kan ƙugiya ba. Wanda ya taɓa ganin ɗalibi yana bin takarda da biro yana lanƙwasa kan kowace k da hannu zai fahimci abin da wannan ya sauƙaƙa mata.

Shi kuwa setxkbmap, ba zan hana shi haƙƙinsa ba: a kan wasu fuskokin da ba GNOME ba, irin su Xfce ko i3 masu tafiya da X11, yana aiki nan take da setxkbmap -layout us,ng -variant ,hausa -option grp:alt_shift_toggle, sai dai yana mantawa da zarar ka fita daga asusunka, wani lokaci ma sanya sabon kibod na USB kaɗai ya isa ya rushe shi, kuma a ƙarƙashin GNOME saitin GNOME ne ke rinjaye a kansa.

Akwai masu ce maka ka gyara fayil ɗin /etc/default/keyboard domin saitin ya game kwamfutar gaba ɗaya har da allon shiga. Hanya ce ingantacciya a Debian da Ubuntu, amma idan za ka bi ta, ka tabbata us ne a farkon XKBLAYOUT, layin da ke jera tsarukan kibod a cikin fayil ɗin, domin tsarin Hausa yana canja abin da wasu maɓallai ke fitarwa, kuma mutum yana iya tsintar kansa a ƙofar kwamfutarsa yana buga kalmar sirri daidai tana ƙin karɓa. Saboda haka ma, bayan ka yi saitin, ka buɗe shafin rubutu ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ka ga inda ɓ da ɗ da ƙ suka faɗa, ka gwada manyansu da Shift. Idan na Nijeriya bai kwanta maka a hannu ba, akwai na Hausar Gana, wanda ake kira da gh+hausa. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da kibod ɗin Faransa sai su sa fr a madadin us, kuma su ne suka fi buƙatar ƴ, tunda a Nijeriya 'y muke rubutawa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, tunda na ji kana shirin ƙara kibod na waje. Ka yi hattara da duk mai shagon da zai ce maka sai ka sayi wani kibod na musamman ko ka biya kuɗin wata manhaja kafin ka iya rubuta Hausa a Linux. Tsarin yana cikin kunshin xkeyboard-config da ke zuwa kyauta tare da Ubuntu, kuma abin da aka buga a jikin maɓalli fenti ne kawai, manhaja ce ke yanke harafin da zai fito. Haka nan wasu masu sayar da kwamfutocin hannu na biyu suna liƙa sitika a kan kibod ɗin Faransa ko na Jamus su sayar da shi a matsayin na Amurka. Ka dubi maɓallin Enter: na Amurka shimfiɗaɗɗe ne a layi ɗaya, na Turai kuwa dogo ne mai cin layi biyu, kuma yana da ƙarin maɓalli kusa da Shift na hagu. Irin wannan kibod ba lalatacce ba ne, zai yi aiki, amma bai kamata a ɓoye maka ba, kuma dalili ne na neman ragi. Ka sa farce ka ɗaga gefen sitika ɗaya a gaban mai shagon kafin ka ƙirga masa kuɗi.