Gargaɗi ga masu babur: ku kula da masu tallar "fitila, caja da tiraka a kuɗi ɗaya"

Jama'a, musamman 'yan acaɓa da masu sabbin mashina, akwai wata talla da ke yawo a Facebook da WhatsApp: wai za a ɗaura maka fitilar LED mai wat 100, da cajar waya, da tiraka (na'urar da ke nuna maka inda babur yake a taswira), duk a farashin da bai kai na tiraka mai kyau ita kaɗai ba. Wasu sai ka tura rabin kuɗi su toshe lambarka. Waɗanda suka fi ba mu tsoro su ne masu zuwa su yi aikin, domin wuta suke dasa maka a ƙarƙashin tanki.

Fara da fitilar. A lantarki mai bolt 12, fitila mai wat 100 na gaskiya tana jan sama da amfiya 8, kuma koyil (abin da ke samar da lantarki a injin) na ƙaramin babur irin Boxer ko Jincheng ba zai ciyar da ita tare da sauran kaya ba. Ka ce a sa mitar auna lantarki a gabanka. In ta nuna amfiya 1 ko 1.5, fitilar ba ta wuce wat 12 zuwa 18 ba, rubutun kwalin ƙarya ne. Sannan a yawancin ƙananan babura fitilar gaba tana shan wutar AC kai tsaye daga koyil, ita kuwa LED wutar DC take so. In aka jona ta a wannan layin babu rektifaya (na'urar da ke juya AC zuwa DC), za ta riƙa kyaftawa idan injin yana silo, ba da jimawa ba ta mutu.

Wayar lantarkin da suke zuwa da ita ma abin dubawa ce. Da yawa alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Kankare silin da reza, in ka ga fari a ciki, ka san abin da aka kawo maka. Ko ka kara mata laita: alminiyam nan take yake lanƙwashewa ya zube, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja. Irin wannan waya tana zafi, tana karyewa da girgizar hanya. Don fitila da caja, a sa jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.0 zuwa 1.5mm².

Babban laifin shi ne rashin fis, wato ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Suna fere wayar babur, su murɗa tasu a kai, su naɗe da salatif, ko su ɗauko wuta daga kan batir ba komai a tsakani. Ranar da robar wayar ta goge a jikin firam, babu abin da zai yanke wutar, ga tiyon fetur a kusa. Kowane layi da aka ƙara dole ya sami fis nasa dab da jan kan batir: 3A zuwa 5A ya ishi caja ko ƙaramar fitila. Wanda duk ka ga ya cire fis ɗin babur ya maye gurbinsa da silin waya ko takardar kwalin sigari, karɓi makullinka. Fitila kuma ta bi ta rile, wato ɗan makunnin da lantarki ke kunnawa, mai ƙafafu masu lamba: 30 zuwa batir ta fis, 87 zuwa fitila, 86 zuwa wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli, 85 zuwa jikin babur. Kada a yi cankar launi. A Honda baƙar waya ce ta makulli, a Yamaha baƙa ita ce ta jikin babur, don haka a gwada da mita. Caja da aka jona kai tsaye tana tsotsar batir ko babur yana ajiye, batirin nan kuwa galibi 5Ah zuwa 7Ah ne kawai.

Sai tiraka, kuma nan ne cutar ta fi muni. Wata akwatin roba ce kawai da ɗan haske mai kyaftawa. Ta gaskiya tana da lambar shaida ta IMEI mai lambobi 15 da wurin sa SIM. Amma ko ta gaskiyar ce, in layin da ke ciki da sunan mai ɗaurawa aka yi masa rajista, ko lambarsa ce ke ba ta umarni, to ya san inda baburinka yake kwana, kuma in an sa mata rile zai iya kashe injin daga inda yake zaune. Sayi SIM da sunanka, sa lambarka a matsayin mai iko, ka canza lambar sirrin kamfani, wadda a da yawa daga cikin masu araha 123456 ce.

Kafin ka biya ragowar kuɗi, a auna batir: wajen bolt 12.6 in babur a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in an ɗan ba shi wuta da duk kayan a kunne. In ya gaza 13, nauyin ya fi ƙarfin koyil, a rage. Juya kan babur hagu da dama har ƙarshe ka ga ko wata waya tana ɗamewa, sannan ka zagaya unguwa ka tabbatar taswirar tirakar a wayarka tana bin ka.