Littafin Kwintiliyan da na saya na hannu, malamai ku neme shi

Wata biyu kenan da na sayi juzu'in farko na littafin Kwintiliyan wajen wani mai saida tsofaffin littattafai, irin bugun nan ne ɗan ƙarami mai jan bango, Latin a hagu Turanci a dama, fassarar Butler ta 1920. Yana shiga aljihun riga tsaf. Ni malamin firamare ne, aji uku nake riƙewa, don haka da idon malami na karanta shi.

Mutumin ɗan Sifen ne, ya yi shekara 20 yana koyar da fasahar magana a Rum, har sarki Baspasiyan ya yanka masa albashi daga baitulmali, sai da ya ajiye aiki sannan ya rubuta wannan littafin, Institutio Oratoria, kan yadda ake horar da gwanin magana, wajen shekara ta 95 miladiyya, kashi 12. Wannan juzu'in kashi uku na farko ne kawai a ciki.

Kashi na ɗaya shi ya kama ni wallahi. Ya ce kar a doki yaro a makaranta, don duka wulaƙanci ne, kuma yaron da faɗa bai gyara shi ba bulala sai dai ta ƙara masa taurin kai, har ya yi maganar yadda tsoro kan sa yaro ya yi abin kunya a gaban 'yan uwansa daga nan ya tsani shiga mutane. Nan na ajiye littafin na yi shiru, don akwai wani yaro a ajina da ya daina ɗaga hannu tun ranar da na zane shi kan jadawalin sau bakwai, kuma na san ni ne sila. Ya kuma kwatanta kan yaro da tulu mai ƙaramin baki, in ka kwara ruwa gaba ɗaya zubewa zai yi, sai dai kaɗan kaɗan. Har haruffan hauren giwa ya ce a ba yara su yi wasa da su. Ni da kwali na yanka nawa, kuma suna aiki.

Inda na gaji shi ne kashi na uku, rabe-raben shari'a da sunayen malaman Girka birjik, shi da kansa ma ya amsa cewa zumar wurin kaɗan ce ɗacin ya fi yawa. Rubutun kuma ƙanana ne sosai, da daddare sai da tabarau, ga Turancin na da can, ƙamus bai bar gefena ba.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba. Na riga na ba hedimasta aro, na ce ya fara da babi na uku na kashin farko kafin mitin ɗin malamai na ranar Litinin.