Wata biyar ni da ƙanwata a gidan motsa jiki na mata: abin da na gani

Tun ranar da na je biki ƙawayena suka ga atamfar da na ɗinka kafin haihuwata ta uku ta shige ni ake ta tambayata wai me na sha. Wallahi ban sha komai ba, wani gidan motsa jiki na mata zalla nake zuwa a nan Kano, yanzu wata biyar kenan, ni da ƙanwata. Ba zan kama sunan wurin ba saboda akwai abin da zan faɗa wanda bai min daɗi ba, amma zan faɗi komai yadda yake don wadda take tunanin kai kuɗinta irin wannan wuri ta san abin da za ta duba.

Abin da ya kai mu daban-daban ne. Ni teɓa ce ta dame ni, tun bayan arba'in cikin nan ya ƙi komawa, na ɗaura zani na ɗaura bel na sha wani shayin rage ƙiba da na saya a waya har kwali biyu, abin da na samu kawai murɗawar ciki da zaryar banɗaki cikin dare. Ita kuma ƙanwata siririya ce tun tana yarinya, da aka sa ranar aurenta sai 'yan uwa suka sa ta a gaba, wai amarya ba ta shiga ɗaki haka kamar sillen kara, wata ta kawo mata ƙwayoyin nan da ake cewa sha ka fashe a ƙulle a leda babu kwali babu takarda. Ta sha wata uku. Eh ta yi ƙiba, amma fuskar ce ta kumbura ta zama kamar faranti, wuya ya cika, ciki ya fito, hannu da ƙafa kuwa suna nan yadda suke ko ma sun ƙara ramewa, ga nankarwa ja a cinya, ga barci kamar kasa. Ranar da ta zauna a bakin gadona tana kuka tana cewa Yaya ki kalli fuskata, ba na gane kaina a madubi, ranar na ce to ya isa.

Wurin gida ne aka mayar da falonsa da ɗakuna biyu wajen motsa jiki, akwai katanga mai tsawo, mai gadi a waje yake tsayawa ba ya shigowa, ciki kuwa daga mai shara har koci duk mata ne. Wannan shi ne abu na farko da ya sa Abban yara ya yarda ba tare da dogon zance ba. Kina shiga ki cire hijabinki ki rataye, ki sa doguwar riga mai laushi da wando, babu mai kallonki. An liƙa takarda a bango an hana ɗaukar hoto ko bidiyo a ciki, kuma da gaske suke, a gabana aka sa wata yarinya ta goge bidiyon da ta ɗauka don wata Hajiya ta fito a bayanta. Muna biyan N15,000 kowacce a wata, ana zuwa sau 4 a sati, akwai na safe daga 7 zuwa 10 bayan an kai yara makaranta, akwai na bayan la'asar. Da azumi sun mayar da shi bayan sallar asham, gajere.

Amma abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba, kocin ce. Mace ce mai kimanin shekara 40, duk muna ce mata Anti. Ranar farko ba ta bar mu mun taɓa ko ƙarfe ɗaya ba, ta zaunar da mu ta auna hawan jini, ta ɗora mu a sikeli, ta ɗauko tef irin na tela ta auna ƙugu daidai saitin cibiya, sannan ta fara tambaya: haihuwa nawa, an yi tiyata ko a'a, akwai ciwon suga a gida, kina shan wani magani. Da ta zo kan ƙanwata ta kalli fuskarta kawai ta ce, ƙanwata faɗa min gaskiya, kin sha dekza ko? Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Anti ta ce ba za ta karɓi kuɗinta ba sai ta je ta ga likita tukunna, kuma ta ja mata kunne sosai kada ta kuskura ta yanke ƙwayar a rana ɗaya da kanta.

Mun je asibiti washegari, abin da likitan ya faɗa mana shi ne dai abin da Anti ta faɗa. Irin waɗannan ƙwayoyi yawanci haɗi ne na dexamethasone, wato dekza ɗin da Anti ta ambata, da cyproheptadine. Na biyun maganin ƙaiƙayi da atishawa ne da yake buɗe ciki ya sa cin abinci da barci. Na farkon kuwa magani ne mai ƙarfi na asma da kumburi wanda likita ke bayarwa a ƙididdige, in an daɗe ana sha sai ya tara ruwa a jiki, ya tara kitse a fuska da wuya da ciki, ya cinye tsokar hannu da ƙafa, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya kuma rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jiki yana da nasa sinadarin mai irin wannan aiki, in ya ga ana zuba masa daga waje sai ya daina yin nasa, to in aka yanke lokaci ɗaya mutum na iya faɗuwa rai a hannun Allah. A hankali likitan ya riƙa rage mata har ta daina. Sai da ta kawo takardar likita sannan Anti ta yi mata rajista. Wani wurin da kuɗi kawai zai karɓa.

Ni kuma ta kwantar da ni a tabarma ta ce in ɗaga kaina kaɗan, ta sa yatsunta a saman cibiyata, yatsa biyu da rabi suka shige. Ta ce tsokar ciki ce ta rabu saboda goyon ciki, abu ne da yake faruwa da mata da yawa, kuma wannan atisayen na kwanciya a riƙa tashi zaune da nake yi a gida ina gani a waya ƙara turo cikin yake yi. Ta hana ni shi. Sati shida na farko numfashi kawai take koya min da yadda zan janyo cibiya ciki in riƙe, da matse tsokar ƙasa, da tafiya a injin gudu minti 20. Gaskiya na ji haushi a lokacin, ina ganin wasu suna tsalle da igiya gumi na zuba ni an bar ni ina numfashi, har na ce mata Anti ni fa ba numfashi na biya kuɗi in koya ba. Ta ce Maman yara ki yi haƙuri, cikin nan wata tara ya yi yana buɗewa har sau uku, ba a sati biyu zai rufe ba. Yanzu yatsa ɗaya ne da ƙyar, kuma fitsarin da yake ɗan zubo min in na yi atishawa ko tari, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ita, ya tsaya.

Maganar abinci ma ba ta ce mu sayi wani abu na ƙasar waje ba. Tuwo na nan, amma malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta fi tuwon yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe. Kwaɗon zogale, rama, wake, ƙwai, awara da ba a tsoma ta cikin mai ba, kifi in an samu. Abin da ta yaƙe ni a kai shi ne lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na suga, ta ce robar lemo ɗaya ta rabin lita sugan da ke ciki ya kai wajen ƙaramin cokali 10 ko fiye, ni kuma kullum sai na sha ɗaya da rana. Ƙanwata kuma aka ce ta ƙara: kunun gyaɗa, fura da nono, ƙwai, dankali, dabino, ta ci sau biyar ƙanana, sannan ta ɗaga ƙarfe ta yi tsugunno da shi don abincin ya zama tsoka a cinya da mazaunai. Fuskarta ta sauka, ta dawo ƙanwata da na sani, kuma ta ƙara kilo 3 na gaskiya. Ni daga kilo 84 na dawo 79, ƙuguna daga inci 39 ya dawo 35 da rabi. Wata za ta ce kilo 5 kawai a wata biyar? Eh, kilo 5, amma ina hawa benen gidan surukata ba na tsayawa a tsakiya, ina sallar dare gwiwa ba ta min ƙara, ciwon bayan da nake kwana da shi ya ragu sosai. Anti ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a sati ta ce babba ya yi na motsa jiki matsakaici, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka, kuma ƙugun mace in ya haura santimita 88, wato wajen inci 35, haɗarin suga da hawan jini na ƙaruwa, don haka tef ɗin ta fi damuwa da shi a kan sikeli.

To yanzu abin da bai min daɗi ba, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai. A bakin ƙofa inda ake biyan kuɗi akwai kanta ta gilashi, mai gidan ce ta ajiye, a ciki akwai shayin rage teɓa, da bel ɗin matse ciki mai ƙarafuna, da wani mai wai na ƙara hips, har da man shafawa na haske. Wato a ciki Anti tana ce mana kada ku sha, a bakin ƙofa yarinyar kanta tana ce miki Hajiya ki gwada wannan sati ɗaya za ki ga canji. Na ɗauki kwalin shayin na juya bayansa na ga senna a rubuce, filasko kenan fa, wanda kakanninmu ke sha in ciki ya ɗaure. Gudawa yake sa ki, ruwan jikinki ya zube sikeli ya nuna kin ragu, kitse kuwa yana nan inda yake, in kika daɗe a kai hanjin ma sai ya saba ba ya aiki sai da shi. Shi kuma bel matse ki kawai yake ya hana ki numfashi mai kyau, kina cirewa ciki ya dawo. Man hasken nan kuwa ko NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 2023 ta ce bilicin ya zama matsalar gaggawa a ƙasar nan, ga shi an jera shi a wurin da aka buɗe don lafiya. Na yi wa mai gidan magana da kaina, na ce Hajiya don Allah wannan kantar tana rushe aikin da ake yi a ciki, ta ce min haya da man janareta ba sa biyan kansu. Na fahimci tsadar rayuwa, amma ban yarda da wannan uzurin ba, domin 'yan mata ƙanana na shigowa wurin, kuma in suka ga abu a gidan motsa jiki za su ɗauka lafiyayye ne.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Injin gudu biyu ne kacal, da safe sai kin yi layi, in an ɗauke wuta kuma janaretan ba ya ɗaukarsu tare da fanka, lokacin zafin nan na bazara ɗakin ciki kamar tanda. Banɗaki ɗaya ne, wani lokaci ruwa ya yanke. Babu wurin ajiye yara, mai goyo sai ta shimfiɗa zani a gefe.

Akwai ranar da hira ta ɓarke bayan mun gama, muna zaune a ƙasa muna shan ruwa, wata matashiya ta ce ita fa tara kuɗi take ta je Legas ko Turkiyya a yi mata tiyatar nan da ake zuƙe kitsen ciki a mayar a mazaunai, ta gaji da wahala. Anti ba ta yi mata faɗa ba, ta dai yi mata bayani cewa a wurin akwai manyan jijiyoyin jini, in kitsen ya shiga ɗaya daga ciki sai ya wuce huhu ya toshe, mutum ya tafi a kan gadon tiyatar, shi ya sa likitocin kansu suke lissafa ta cikin tiyatar kwalliya mafi haɗari. Sai wata Hajiya babba da ke zuwa saboda ciwon gwiwa, wadda ba ta cika magana ba, ta ce 'yata kin tuna Stella Obasanjo? Matar shugaban ƙasa ce a lokacin, a 2005 ta je Sifen aka yi mata tiyatar zuƙe kitse, ba ta dawo da rai ba, kuma ita ba kuɗi ta rasa ba ba gata ta rasa ba. Wurin ya yi tsit. Yarinyar dai har yanzu tana zuwa, jiya ma tare muka yi tsugunno da ƙarfe mai kilo 8.

In za a tambaye ni maki zan ba wurin 7 cikin 10, kuma kusan duka na Anti ne, da za a kwashe kantar nan a ƙaro inji ɗaya da na ba su 9. Wadda za ta je irin wannan wuri ta lura ranar farko, in ba a auna ki ba, ba a tambaye ki haihuwa da magungunan da kike sha ba, aka ce kawai hau inji, ko aka fara nuna miki shayi da ƙwaya, ki riƙe kuɗinki. Ni dai na biya na wata na shida ranar Litinin, ƙanwata kuma bikinta saura sati uku, tela ya sake auna ta jiya don rigar kamu.