GARGAƊI: Masu shirin sa sola a gida, ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗi

Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Naira miliyan 4 da dubu 200 wani da ke kiran kansa injiniyan sola ya karɓa a hannuna a nan Kano, ya kawo min shara ya ɗora a kan rufin gidana, yanzu lambarsa a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Miliyan 4 da dubu 200. Kuɗin filin da na sayar ne da adashin mai ɗakina.

Kuma kafin wani ya zo yana ce min ai kwaɗayin araha ne, a'a, ba araha na bi ba. Na shiga Sabon Gari na tambayi farashi, nasa bai yi ƙasa da na kasuwa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, da na ga rabin kuɗi ya faɗa ai da na gudu. Shagonsa na je da ƙafata, na ga kaya, na ga yara suna aiki, ga bidiyoyinsa a TikTok yana kan rufin gidajen mutane. Me ya rage mutum ya yi?

Abin da ya kai ni kowa ya sani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya gagare mu, ga kuɗin wutar Band A (rukunin da aka ce ya fi samun wuta) da aka kai Naira 225 duk yunit a Afrilun 2024, sannan duhun nan na Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe kwanaki ba wuta, mai ɗakina tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo komai ya tsaya mata cak. Shi ne muka ce a yi ta ta ƙare.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da ya zo auna gidan. Ya zauna a tabarma ya ciro takarda yana lissafi, firiza wat kaza, fanka huɗu, talabijin, fitilu. Na ce a haɗa da esi, sai ya ce "Alhaji kada ka wahalar da kuɗinka, bar esi tukuna, ka canja waɗannan ƙwayayen zuwa LED ka ga yadda lodinka zai sauka." Mutumin da ke hana ka kashe kuɗi! Wa zai zarge shi? Aka kira la'asar muka yi sallah sahu ɗaya, da muka fito ya riƙe hannuna ya ce "Alhaji tsakanina da kai amana ce." Amana ce. Ina ta jin kalmar nan a kunnena. Daren ranar na tura miliyan 3, sauran miliyan 1 da dubu 200 ranar da suka gama ɗaurawa. Kai, ba a daren ba, washegari da safe ne, don sai da ya turo min hoton takardar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) tukuna, alat ɗin yana nan zan sa muku.

A risit an rubuta inbata (na'urar da ke mayar da cajin batir wutar gida) 5kVA, batirin lityum 48V 200Ah, fanel 8 masu wat 550, garanti shekara 5. Duk wanda ya san lissafi ya san 48 sau 200 kusan yunit 10 na wuta (kilowat-awa 10) ke nan, lodin gidana da dare bai wuce wat 500 ba, ya kamata a kwana a wayi gari da sauran caji. Amma tun makon farko kafin ƙarfe goma na dare inbata ta fara kuka ta ɗauke. Na kira shi, wai hazo ne ya rufe fanel a wanke. Muka wanke. Wai sabon batir ne sai ya saba. Wai firizar ce ke da matsala, har na kira mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau. Daga nan sai "ina Legas kaya sun maƙale", daga nan shiru. Da na koma shagon nasa, wani mai sayar da cajar waya na tarar, wai tun watan jiya suka kwashe.

Wani mai aikin sola da ƙanina ya kawo shi ya buɗe batirin a gabana, jikina ya yi sanyi. Tsofaffin sel ne aka harhaɗa wasu har sun kumbura, a ƙasan akwatin kuma siminti aka zuba don ya yi nauyi. Siminti! Na tuna ranar da aka kawo batirin injiniyan nan yana ce min "ɗaga ka ji Alhaji, nauyin kaɗai ya ishe ka shaida." Fanel ɗin ma mai aikin ya sa awo, ya ce mai wat 550 na gaske tsawonsa ya haura mita 2, nawa ba su kai ba, ya ɓare sitikar baya sai ga wata a ƙarƙashi an rubuta 300. Wayar da suka ja siririya, tana ɗaukar zafi, babu bireka tsakanin batir da inbata, babu atin (wayar kariya da ake binnewa a ƙasa). Ya ce Alhaji ka gode wa Allah da gobara ba ta tashi ba, ga yara a ɗakin da ke kusa. Lambar rajistar da injiniyan nan ya turo min kuwa da aka duba a shafin CAC ta wani kamfani ce daban, ba ruwansa da sola.

Miliyan 4 da dubu 200 jama'a, yau ga mu mun koma sayen ƙanƙara a waje, mai ɗakina ko maganar ba ta son a yi.

In za ku saya, kada ku tura kuɗi asusun mutum, ku duba lambar CAC da kanku, ku nemi shaidar SONCAP (takardar ingancin kaya ta hukumar SON) ta kayan, ku zo da naku mai aikin ya auna fanel ya gwada batir da lodi kafin ku cika kuɗi. Shi ke nan.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, shi ya sa aka ce kada in sa sunansa da hotonsa yanzu, amma sikirinshot na hirarmu da risit da hoton simintin duk zan ɗora a ƙasa anjima in na samu caji. Na ji ba ni kaɗai ba ne, akwai wata Hajiya da ya yi wa irin haka. Duk wanda aka ce masa "amana ce" aka kawo masa batir mai farin akwati, ya yi min magana ta inbos mu haɗu mu kai takarda EFCC tare. Ban yafe ba, Allah Ya isa.