Hostal, haya ko gidan kawu: ina 'yar aji ɗaya za ta zauna a Kaduna?

Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na sallami yara makaranta don in amsa miki a natse. Kin ce 'yarki ta samu gurbi a Jami'ar Jihar Kaduna, shekararta 17, ba ta taɓa yin wata guda a wajen Saminaka ba. Kina tsakanin abu uku: a nema mata gado a hostal, ko ta haɗa kuɗi da ƙawayenta biyu su kama haya, ko ta sauka gidan ƙanenki a Rigasa. Allah Ya sanya alheri, Ya sa ta fara a sa'a. Ni dai tun daga farko zan faɗa miki inda na karkata: in gado ya samu a cikin makaranta, ki kama shi da hannu biyu, ko da na shekarar farko ne kaɗai. Na ga ukun nan duka a cikin gidana, shi ya sa nake da bakin magana.

Kafin komai ki tabbatar da inda sashenta yake. Tun kafa jami'ar a 2004 take da harabar Kaduna, a kan titin Tafawa Balewa, da kuma ta Kafanchan. Kada a biya kuɗin ɗaki a wani gari, karatu kuma yana wani.

Bari in fara da gidan kawu, don shi ne zuciyar uwa ta fi kwanciya da shi, kuma shi ne aka fi yi wa lissafin da bai cika ba. A ido, kyauta ne. Ba kuɗin haya, ga tuwon dare, ga babba a gida da zai tsawata. Amma ki dubi hanya. Daga cikin Rigasa zuwa titin Tafawa Balewa aƙalla hawa biyu ne: ta fito ta shigo gari, daga wajen Kasuwa ta sake neman wani abin hawan. Zuwa da dawowa hawa huɗu ke nan a rana. Ki tambayi ƙanenki nawa ake biyan kowane hawa yau, ki ninka sau huɗu, ki ninka sau biyar na sati, sannan ki ninka da makonnin zangon karatu biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. Sau da yawa in aka tara shi ya haura kuɗin gado a hostal nesa ba kusa ba, sai dai shi ba ya fita lokaci guda, kullum ne ake tsakurarsa, shi ya sa ba a jin zafinsa sai ƙarshen wata.

Kuɗin ma da sauƙi in aka kwatanta da lokacin da ake ɓatawa. 'Yar ƙanwata ta yi shekarar farko a ɗakin 'ya'yana. Ina iya ganinta har yanzu: ta idar da sallar asuba, ta tsuguna a bakin famfo tana wanke tukunyar daren jiya, jakarta a jingine da bango, ƙarfe shida da rabi ta fita da guntun burodi a leda don lakcar ƙarfe takwas. In lakcara ya ɗage darasi zuwa yamma, haka za ta wuni a gindin bishiya, ba inda za ta miƙe bayanta. Ta dawo bayan magariba, ƙura har a gashin ido, ta tarar da baƙi a falo, ƙananan yara sun baje a kan katifarta. Ban taɓa ce mata ta yi aikin gida ba. Amma yarinya mai kunya ba za ta zauna da littafi tana kallon matar gida na tuƙa tuwo ba. Sai da sakamakon zangon farko ya fito na gane cewa ƙaunar da muke mata ba ta sayo mata ko awa biyu na karatu a rana ba. Kuma akwai abin da ba a faɗa: zo mu zauna, zo mu saɓa. Wata ƙaramar magana tsakaninta da matar kawu na iya taɓa zumuncin shekara talatin. Da gidan a Unguwar Rimi yake ko Malali, inda hawa ɗaya ne, da maganata ta canza. Rigasa ta yi nisa ga 'yar aji ɗaya.

To, ki ajiye hostal kusa da wannan. Ba zan yi miki ado da shi ba. Ɗaki ne na mutum huɗu ko shida ko fiye, gado mai hawa biyu, akwati a ƙarƙashin gado, kowa da bokitinta da kwadonta. Banɗaki na tarayya ne, kuma a yawancin jami'o'in gwamnati ana layin ruwa da safe. Za a ɗaukar mata silifa, za a ci mata ƙuli-ƙuli ba a tambaya ba, wata za ta kunna waya da ƙarfi lokacin da take son barci. Satin farko za ta kira ki tana kuka, ki sa wannan a ranki tun yanzu, kada ki ce a kwaso ta. Yawanci kafin sati na uku kukan ya koma labari.

Abin da hostal ke ba 'yar aji ɗaya, wanda ba a samunsa a sauran biyun, shi ne labari da ido. Sabon ɗalibi bai san komai ba: ina ake sa hannu a takardar rajista, wane ɗakin lakca aka koma, yaushe aka matso da tes, wane lakcara ne ba ya barin a shiga bayansa. A hostal wannan labarin yana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki kafin a kwanta. Akwai 'yar aji uku a gado na gaba da za ta ba ta tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ta nuna mata yadda ake lissafin maki. Ɗakin karatu tafiyar ƙafa ce, masallaci kusa, asibitin makaranta kusa. Sannan ido: ana rufe ƙofa da dare, akwai masu kula da ginin, akwai masu gadi. In zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, kafin azahar wata ta lura ba ta tashi ba. A wurina wannan ya fi kowace katifa mai laushi. Ba wai hostal ba shi da miyagun ƙawaye ba ne, akwai su, zama da maɗaukin kanwa kuwa an san abin da yake kawowa. Amma a can zaɓi yana da yawa. Mai son karatu za ta samu irinta a ƙofa ta biyu ko ta uku.

Matsalar hostal ɗaya ce babba: gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba, kuma haka abin yake kusan ko'ina, har a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, mai manyan gine-ginen hostal irin su Amina da Ribadu da Suleiman. Don haka da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ta biya kuɗin makaranta da wuri, ta riƙa leƙa shafin jami'a na intanet, ta je ofishin kula da harkokin ɗalibai da kanta ta ji ranar da za a buɗe. Kuɗi kuma a biya ta hanyar da makaranta ta tsara, a riƙe rasit. Duk wanda ya ce ki turo masa a asusunsa zai samo mata gado, ko wata ɗaliba da ta ce za ta sayar da nata, ki yi nesa da su. Gadon da ba sunanta a kai, ranar da aka zo bincike ita ce za a fitar da kayanta waje, kuɗin kuma ya tafi.

Saura haya, wadda ita yaran suka fi so, kuma na fahimce su. Ɗaki mai banɗaki a ciki, ba layi, ba hayaniya, ki dafa abin da kike so. Ga wanda ya kai aji uku ko huɗu, ya san gari, ya san abokan zamansa, yana rubutun kammalawa, haya na iya fin hostal. Amma ki ji yadda kuɗinta ke tafiya. Mai gida shekara guda yake so a dunƙule. Ejan zai karɓi nasa, galibi kashi 10 cikin 100. Wasu su ƙara da kuɗin rubuta yarjejeniya da na ajiya saboda ɓarna. Ɗakin kuma fayau za a ba su: katifa, leda ko kafet, labule, fanka, tukunyar gas, duk daga aljihunki. Sai kuɗin wuta duk wata, sau da yawa mita ɗaya ce ta gidan gaba ɗaya, a raba da mai firiza da mai dutsen guga. In ba rijiyar burtsatse, ga 'yan ga-ruwa jarka-jarka. Kuɗin shara, kuɗin 'yan sintiri. Kuma in ɗakin ba a bakin makaranta yake ba, kuɗin Keke yana nan bai tafi ko'ina ba.

Akwai wani abu da ni sai da ya same ni na sani. Hayar shekara ba ruwanta da kalandar makaranta. A 2022 ɗana yana karatu a wata jami'ar tarayya, mun biya masa haya sabuwa fil, sai malaman jami'a suka shiga yajin aiki a watan Fabrairu, ba a koma ba sai Oktoba. Wata takwas ɗakin na kulle. Ranar da muka je buɗewa, damina ta riga ta yi aikinta: katifa ta yi funfuna, takardunsa sun manne da juna, gara ta hau ƙafar teburi. Muna cikin shanya kaya a tsakar gida mai gidan ya leƙo yana tuna mana cewa saura 'yan watanni haya ta ƙare. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne. Kuɗin hostal kuwa da shekarar karatu yake tafiya, ba da watannin kalanda ba.

Sai batun ƙawayen nan biyu. Ki tambayi kanki: in ɗaya ta canza makaranta ko aka yi mata aure a tsakiyar shekara, wa zai cike kasonta? In ɗaya tana da masu zuwa zance har goma na dare, wa zai ce a'a? Yara uku 'yan shekara 17 ko 18 a gidan haya, ba babba a kansu, a garin da ba su sani ba, ni hankalina bai kwanta ba. Ba don ina zargin tarbiyyarsu ba. Don dai ranar da ɗaya ba ta dawo ba har isha'i, sauran biyun ba su san ƙofar da za su buga ba.

Idan aka yi duk ƙoƙari gado bai samu ba, to hayar ce, amma da sharaɗi. Ta kasance kusa, inda za ta iya takawa ko hawa ɗaya, irin su Unguwar Rimi da kewaye. Gidan da mai shi ko iyalinsa ke zaune a ciki ya fi gidan da aka cika da gwauraye. Gani ya kori ji: kada ki biya a kan hoton waya. Ki je da rana ki ga ruwa da banɗaki da rufin ɗaki, ki koma bayan magariba ki ga su wa ke zama a bakin layin da kuma ko akwai haske. Ki duba jikin bango daga ƙasa, in kin ga layin danshi kamar an ja da alli, ki tambayi maƙwabta, domin unguwannin da ke gangaren Kogin Kaduna ruwa kan shiga musu a watan Agusta da Satumba, kuma mai neman ɗan haya da rani ba zai fara miki da wannan labarin ba. A rubuta yarjejeniya, a ga mai gidan ido da ido, ba ejan kaɗai ba, kuma ƙanenki ya sa hannu a matsayin shaida don a san yarinyar tana da mutane a gari.

Shi kawun ma ba a bar shi ba. Aikinsa ya fi kyau a haka: ta riƙa zuwa Rigasa ranar Juma'a da yamma ko duk sati biyu, ta ci tuwon gida, ta yi wanki, ta koma Lahadi bayan la'asar. Lambarsa ce za a rubuta a takardar makaranta a wurin wanda za a kira in wani abu ya taso, tunda shi cikin awa guda zai iso, ke kuwa sai kin taso daga Saminaka. Baƙuwar ƙarshen mako ba ta gundurar kowa.

Ta ɓangaren kuɗi, ki sa ta bincika lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, su kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa. Bashi ne, ba kyauta ba, a shiga da saninsa, kuma kada a gina lissafin haya a kansa.

Abin da za ki haɗa mata in hostal ɗin ya tabbata ba shi da yawa: gidan sauro, bokiti biyu, kwado mai kyau, fitila mai caji, bargo saboda sanyin Disamba da Janairu, garin kwaki da yaji da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa. Kayan girki kuma ta bari sai ta ji abin da dokar ginin ta yarda da shi. Sarƙa da 'yan kunnen gwal su zauna a gida wurinki.

In kun shigo rajista ki yi min magana. Ranar Asabar ba na zuwa aiki. In har ta kai ga neman ɗaki, sai in ɗauke ku mu zaga tare, da rana sau ɗaya, bayan magariba sau ɗaya.