Lesin hutu na 'yan JSS3 a Gusau: ana gyara lissafi, ana mantawa da hankalin yaro

Da zarar an gama jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, sai cibiyoyin lesin su cika a Tudun Wada da Samaru da Sabon Gari, ana shirya yara don shiga SS1 a watan Satumba. Galibi aji ne ake ara a makarantar kuɗi, darasin safe ne, a tashi kafin azahar don yara su samu zuwa Islamiyya.

Ta ɓangaren lissafi, aikin yana biyan kuɗinsa. A SS1 ne Basic Science ke rabuwa gida uku, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma yaron da bai iya juya fomula ya fitar da harafin da ake nema ba zai fara faɗuwa Fiziks tun zangon farko. Cibiya mai kyau takan soma da gwaji a ranar farko, ta ware masu rauni a ɓari-ɓarin lamba da aljabara, ta ba su mako biyu a kan wannan kaɗai. Marasa kyau kuwa sai su tsallake kai tsaye zuwa manhajar SS1, don iyaye su ga littafi cike da rubutu. Yaro ya kwafa bai gane ba, ya shiga sabon aji da tunanin shi ne daƙiƙi.

Inda kusan dukkansu suka gaza shi ne damuwar da ke cin yaran. Ba mai zama da yaro a kan zaɓen fanni, ko kimiyya ko adabi ko kasuwanci. Uba ya riga ya ce likita za a yi, shi ke nan, alhali sakamakon yaron na shekara uku yana nuna wani wuri daban. Ga kuma masu tafiya makarantar kwana: tun bayan sace ɗalibai mata a Jangebe a Fabrairun 2021, tsoron kwana a makaranta ba wasa ba ne a Zamfara, amma ba a taɓo shi a aji. Alamun ba su ɓuya: ciwon kai ko na ciki kullum da safe, rashin barci, ture abinci, yaro mai surutu ya koma shiru. Malamin da ke da yara cike da ɗaki ba zai lura ba, sai dai ya ce lalaci ne.

Masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun nuna tun 2005 cewa yadda ɗalibi ya yi a shekararsa ta farko a babbar sakandare ya fi makin jarrabawar da ya shigo da shi nuna ko zai kammala. Daga baya sun gano cewa fashin aji na cikin alamun farko na matsala. To, lesin da ba ya kiran suna kullum, ba ya kuma kiran iyaye idan yaro ya yi fashin kwana biyu a jere, ya bar babban aiki.

Kafin a biya, a tambayi yawan yara a aji. In sun haura 25, a nemi wani wuri. A tambaya ko ana kawo 'yan SS2 su yi hira da sababbin a kan siniyoyi da jadawali, domin yaro ya fi sakin jiki da na gaba da shi kaɗan. A kuma duba nauyin aikin gida, tunda mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.