Hattara da masu yawo da "ragowar kwalta" a cikin Sakkwato

Ni ke kula da rukunin shagunan kawuna a wajen Mabera, shago goma sha biyu da filin ajiye motoci a gabansu. Tun da aka gina wurin aka shimfiɗa wa filin kwalta, ba a sake taɓa shi ba. Shekaru sun ja, ramuka suka fito. Akwai wani babba a bakin ƙofar shiga wanda duk ɗan kabu-kabun unguwar ya san shi, ko da dare ya zo sai ka ga ya kauce masa. 'Yan haya sun dame ni da ƙorafi, musamman mai kantin magani, domin ramin a saitin ƙofarsa yake.

A ƙarshen watan Mayu, wata Alhamis bayan azahar, wata ƙaramar tifa ta tsaya a gaban wurin. Mutum biyu suka sauko daga gaba, ɗaya da hular kwano da rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikatan titi, ɗayan da tef na awo a hannu. A bayan motar akwai samari biyar zaune kan tamfol da shebur da manjagara. Mai hular kwanon ya yi sallama, ya gaisa da ni cikin ladabi, ya ce:

"Alhaji, aikin titi muka yi bayan gari, mun ƙare, kwalta ta yi saura. In munka koma da ita zubarwa za a yi. Na ga ramukkan wuringa naka na ce bari in taimake ka, ka ba yara na abinci."

Na tambayi kuɗi. Ya ce ba sai an yi dogon lissafi ba, baro ɗaya naira dubu goma sha biyar, kuma a ganinsa baro goma zai ishi ramukan. Na ce bari in kira mai wurin, ya ce in kira amma in yi sauri, kwalta ba ta jira, in ta huce ta tashi aiki, kuma akwai wani mai gidan mai a hanyar Gusau da ke jiransu. Kawu bai ɗauki waya ba, yana wurin ta'aziyya. Na duba rami, na duba tifa, na tuna damina ta ƙarato. Na ce bismilla.

Cikin awa biyu suka gama. Sun share ramukan sama-sama da tsintsiya, suka zuba, suka baje da manjagara, sannan direban tifar ya riƙa gaba da baya a kai wai yana dannewa. Ina cikin shago ina amsa waya, da na fito sai na tarar sun wuce ramukan, sun bi kusan rabin filin da baƙin abu. Filin ya yi baƙi wuluk yana ƙyalli, har mai kantin magani ya fito yana sa albarka. Mai hular kwano ya miƙo min wata takarda da ya yi wa zane-zane da biro: baro talatin. Naira dubu ɗari huɗu da hamsin. Na ce ai goma muka yi da kai. Fuskarsa ta canja nan take. Ya ce ai kiyasi ya yi, kuma ina tsaye aka fara ban hana ba, ko so nake su kwashe kayansu? Samarin suka taso suka kewaye mu riƙe da shebur, mutane suka fara taruwa. Kunyar a ce na sa talakawa aiki cikin ranar nan na hana su haƙƙinsu ta kama ni. Da kyar muka tsaya a dubu ɗari huɗu. Ya ba ni lambar asusu na tura, sunan da ya fito ba na kamfani ba ne, ya ce na akawunsu ne. Rasit kuwa ya ce gobe zai aiko yaro da shi.

Washegari Juma'a da hantsi maigadi ya kira ni. Samarin nan biyar ne suka dawo, wai kuɗin aikinsu suka zo karɓa. Ashe ba su san mutumin ba ko kaɗan. Da safiyar Alhamis ya kwaso su daga inda leburori ke zaman jiran aiki, ya ce musu Alhajin wurin ne zai sallame su washegari. Mutanen da jiya nake tsoron sheburansu, yau ga su tsugune suna roƙona. Biyu daga cikinsu daga ƙauye suka shigo cin rani, ko kuɗin motar komawa ba su da shi. Na biya su daga aljihuna. Su ne kuma suka gaya min abin da ke cikin tifar: ɓaraguzan tsohuwar kwalta da aka kankare daga titi, da yashi, da baƙin mai na inji jarka-jarka. Da hannunsu suka cakuɗa a wani fili kafin su taho.

Kafin sati ya zagayo abin ya fara tona kansa. Zafin Sakkwato a watan Mayu ba sai na gaya wa kowa ba, ma'auni yana haura 40 da rana. Filin ya yi laushi, tayar mota tana barin sawu, jigon babur yana nutsewa. Man ya riƙa bin takalma zuwa cikin shaguna, wata baiwar Allah ta ɓata gefen abayarta ta wanke ni tas, kuma tana da gaskiya. Da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a watan Yuni, tsakuwar ta bi ruwa ta cika lambatu, saman ruwan yana kalar bakan gizo saboda mai. Ramin bakin ƙofa ya dawo, ya ma fi da faɗi.

Akwai wani dattijo da muke sallah tare, tsohon injiniyan titi ne da ya yi ritaya. Shi na ɗauko, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ya tsuguna ya ɗebi abin da yatsa ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan ba aiki aka yi maka ba, ɓarna anka yi maka." Ya bayyana min cewa baƙin mai da man gas narkar da kwalta suke yi. Shi ya sa duk inda manyan motoci ke tsayawa suna ɗigar da mai, nan ne kwalta ke fara ruɓewa. Wato bayan kuɗin da na yi asara, tsohuwar kwaltar da ke da sauran ƙarfi a ƙarƙashi ita ma man ya jiƙa ta, dole sai an kankare wurin duka.

Tambaya ɗaya ya yi min wadda har yau take min zafi: me yaran suka sa a ƙafa? Na ce silifas. Ya yi dariya. Kwalta ta gaske tana fitowa daga injin haɗa ta da zafin da ya kai digiri 150 ko kusa da haka. Tana hayaƙi, warinta yana cika wuri, ba a taɓa ta da hannu, mai aikinta sai da takalmin aiki mai kauri. Ni kuwa na tuna na sa hannu a cikin tifar na ji ɗumi, na gamsu. Ɗumin rana ne kawai. A garin nan ko ƙarfen ƙofa ka taɓa da azahar zai ƙone ka, balle baƙin yashi da ya wuni ƙarƙashin tamfol. Su kansu samarin a kanta suka zauna daga bayan gari har Mabera, ina kallo, hankalina bai kai ba.

Sai ya yi min lissafi a ƙasa da tsinke. Kwaltar da aka danne tana da nauyin kusan tan 2.4 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Filin da motoci ke hawa yana son kaurin santimita 4 zuwa 5. A kaurin santimita 5, tan ɗaya bai wuce ya rufe murabba'in mita 8 ba. Baro ɗaya a cike ka ce kilo 100, baro talatin tan 3 ke nan, wato murabba'in mita 24 ko 25. Muka auna inda suka baƙanta, ya kai murabba'in mita 120. Ko da kwalta ta ƙwarai ce, kuma ko da da gaske baro talatin ɗin suka zuba, kaurinta bai wuce santimita ɗaya ba. Kwalli suka shafa wa filin. Ni ko baro ɗaya ban ƙirga ba, takardarsa na gani na yarda.

Abin da ya fi tsaya min a rai daga bayaninsa shi ne cewa rami daga ƙasa yake farawa. Kwalta ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya jiƙa marmarar da ke ƙarƙashi, ta yi laushi, mota ta hau, saman ya rufta. Ramin da ido ke gani ƙarshen ciwon ne. Namu na bakin ƙofa, bututun da ke sauko da ruwan rufin shaguna a daidai nan yake zuba, shekara da shekaru ban taɓa haɗa biyun ba. Ya ce ko kamfanin da ya fi kowane iya aiki ka kawo, in ba a karkatar da ruwan nan ba, ramin zai dawo.

Gyaran gaskiya, yadda ya kwatanta min, ana yanke gefen ramin ne da injin yanka ko diga, a yi masa kusurwa huɗu da baki a tsaye, a ci har cikin kwaltar da ke da lafiya. A kwashe duk abin da ya ruɓe har a tarar da ƙasa mai tauri. In gindin ya lalace a zuba marmara ko dakakken dutse, a yayyafa ruwa, a daɓe da inji. Wurin ya bushe, a share ƙura, a fesa ruwan kwalta mai danƙo a ƙasa da gefe domin sabuwa ta kama tsohuwa. Sannan a zuba kwaltar da zafinta, in ramin na da zurfi hawa-hawa, a danne da rola ko injin daɓe kafin ta huce. Tayar tifa ba ta maye gurbin rola. Duk wanda ya zo maka da shebur da manjagara kaɗai, ba injin yanka, ba injin daɓe, ba garwar ruwan kwalta, ka riga ka ga ƙarshen aikinsa. Akwai kwaltar sanyi da ake sayarwa a buhu, halastacciya ce, ana toshe ƙananan ramuka da ita na ɗan lokaci, amma ita ma sai an gyara ramin an daɓe, kuma ba ta ɗigar da mai a hannu.

Maganar ragowa kuwa, a nan zan faɗi laifina. A ce ma da gaske ne kwaltar ta rage daga aikin titi. Ta wa ce? Ta kamfanin da ke aikin ce, ko ta gwamnatin da ta biya, ba ta direba ko wani mai hular kwano ba. Da na amince in saya a rabin kuɗi ba rasit, na san a raina ba ta ƙofar gida ta fito ba, na kau da kai saboda araha. Da wannan kwaɗayin suke kama mutum, kuma shi ke sa wanda aka cuta ya yi shiru. Ni ma na yi sati biyu ban iya faɗa wa Kawu gaskiyar adadin ba. Da na faɗa, sai ya ce, "Kai da ka yi boko aka yi wa haka, to mu fa?" Bai ƙara komai ba, da ma zagina ya yi.

Na bi sawun kuɗin. Asusun na wani mai POS ne, yaro ƙarami, ya ce wani ya zo ya ce za a turo masa kuɗi, ya cire ladansa ya ba shi tsaba, bai san shi ba. Lambar wayar mutumin a kashe take tun daren ranar. Lambar tifa ban ɗauka ba, samarin ma sun ce ta baya laka ta rufe ta. Na kai rahoto wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗin. Bayan na fara ba da labarin ne wani mai gidan biki a wajen Arkilla ya ce an je masa da irin zancen nan sak, har da mai gidan man da ke jira, shi dai Allah ya taimake shi ba shi da kuɗi a hannu ranar. Wani kuma a Gawon Nama ya ce hanyar shiga gidan yayansa suka yi wa.

Masu gidajen mai, makarantu masu zaman kansu, otal-otal, kwamitocin masallatai da duk mai fili mai kwalta, ku gaya wa masu gadinku da yaran shagonku, domin sau da yawa lokacin da mai wuri ba ya nan suke zuwa. Kada a bar kowa ya sauke shebur ɗaya sai an auna wurin da tef, an rubuta faɗi da kauri da jimillar kuɗi a takarda, an sa hannu. Ciniki da baro ko da tifa ba ciniki ba ne. A tambayi sunan kamfani a duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da waya ma ana yi. A tambayi inda suka yi aiki bara, a je a ga yadda ya fita daga damina. Kuɗi kuma a asusun kamfani, kashi-kashi, a riƙe wani abu sai ruwa ya sauka a kai. In ya ce ba lokacin duk wannan, kwalta za ta huce, a ce masa Allah ya ba da kasuwa.

Mu dai yanzu mun kankare wurin, mun karkatar da bututun zuwa lambatu, mun cike da marmara an daɓe. Injiniyan ya ba Kawu shawarar a sa intalok, wato tubalan siminti na shimfiɗa ƙasa, a bakin ƙofa in damina ta wuce, tunda ga siminti nan Kalambaina kusa da mu, kuma in wani wuri ya zauna ana iya ɗaga tubalan a gyara a mayar. Shi mai hular kwanon dogo ne, baƙi, yana da gibi a haƙoran sama, Hausarsa ta nan ce. Tifar fara ce da ta sha jiki, da shuɗin tamfol. Wanda ya gan su kada ya tsaya rigima da leburorin, su ma ba su san mutumin ba. Ya ɗauki hoton motar da lambarta ta gaba, ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa.